Da Wane Mudu Muke Auna Albashi?

'Yan'uwa ma'aikata, sau da yawa mukan ji magidanci yana murnar ƙarin girma, wai albashinsa ya ninka na da. Madalla, amma da wane mudu ya auna? A 1981, zamanin Shugaba Shehu Shagari, mafi ƙarancin albashi Naira 125 ne, kimanin dalar Amurka 200 ke nan. A 2024 aka mai da shi Naira 70,000, alhali kuwa bai kai dala 50 ba. Saboda haka muke ba ma'aikaci shawara, ran da takardar ƙarin girma ta iso, ya rubuta a bayanta buhun gero nawa albashin zai saya. Bayan shekara biyar ya ɗauko ta, ya shiga kasuwar hatsi ya sake tambayar farashi.