Hakkin Mai Jinya a Kan ’Yan’uwanta

Duk wanda ya taɓa shiga gidan da wani dattijo ya shekara biyu ko uku yana kwance da shanyewar ɓarin jiki, ko wata gyatuma da gigin tsufa ya kama har ta daina shaida ’ya’yan cikinta, ya san yadda masu dubiya ke durƙusawa su ce, “Sannu Baba, Allah ya ƙara afuwa,” su ajiye ɗan abin da ya sawwaƙa su tashi, alhali kuwa matar da ta kwana tana juya shi don kada gyambon kwanciya ya fito masa, ta wanke najasa kafin asuba, ta dama kunu ta ba shi a baki, tana tsaye bakin ƙofa ba wanda ya tambayi lafiyarta. Galibi ’yarsa ce da aurenta ya mutu, ko matar ƙaramin ɗansa, wadda aka ɗora wa nauyin don kawai ita ce ke cikin gidan.

Idan wahala ta kai mata iyaka ta ce a samo wanda za a riƙa biya ya taya ta, sai dangi su yi caa, a ce za a ba bare amanar mahaifi, har wani ya ambaci uƙuƙul walidaini. Ni kuwa ina ganin wannan magana ta saɓa wa fiƙihun da muka gada a zaure. Malaman mazhabar Malikiyya sun tabbatar da cewa nafaƙar iyaye matalauta wajiba ce a kan ’ya’ya mawadata, maza da mata, kuma Shehu Halil a cikin Muhtasar ya sanya nafaƙar hadimin iyaye cikin abin da ke kan ɗa. Ashe ke nan ɗaukar mai hidima yana cikin birru, kuma wanda yake Legas ko Abuja yana aiko da gaisuwa ta waya bai sauke faralinsa ba, sai ya sa hannu a aljihu gwargwadon wadatarsa. Hidimar da matar ɗa ke yi wa surukanta kuwa, malamai da yawa sun ɗauke ta ihsani ne daga gare ta, wanda ya cancanci godiya.

Ba ina kira a kwashi tsofaffinmu a kai gidan gajiyayyu ba ne, domin Bahaushe yana ganin wannan abin kunya, kuma tsohon da aka raba da masallacinsa da jikokinsa yakan yi saurin karaya. Amma akwai lalurar da ta fi ƙarfin gida, kamar majinyacin da ake ciyarwa ta robar hanci, ko wanda ke ficewa da tsakar dare ya ɓace. A nan neman ma’aikaciyar jinya ko gadon asibiti ba laifi ba ne, kuma iyalin da suka yi shawarar haka sun fi bukatar a ƙarfafa musu gwiwa da a bi su da tsegumi.

Hukuma ma tana da nata kaso. Tun 2012 asibitin koyarwa na Ibadan ya buɗe cibiya ta musamman don lafiyar tsofaffi, a farkon 2018 kuma aka sa hannu a dokar kafa cibiyar kula da dattawa ta ƙasa, sai dai mai jinya a Funtuwa ko Haɗeja ba ta ga komai a ƙasa ba tukuna. Da ma’aikatan lafiya na matakin farko za su riƙa leƙa irin waɗannan gidaje ko da sau ɗaya a wata, su auna hawan jini, su koya wa mai jinya yadda ake ɗaga majinyaci ba tare da ƙugunta ya riƙe ba, da an rage mata mashaƙƙa mai yawa. Kafin nan, ’yan’uwa su zauna su raba kwanakin jinya da kuɗin magani a rubuce, a ware mata ko da ranar Juma’a ta huta, in kuma matar ɗa ce ta je ta gaida nata iyayen.