Karen Ƙanƙara a Ƙasar Rana

Jama'a, wata burga ta shigo gari. Wasu 'yan bokonmu, da zarar albashi ya yi kauri, sai su sayo haski, karen da mutanen Cukci na Saberiya suka hora don jan kaya a kan dusar ƙanƙara. Irinsa ne suka kai maganin mashaƙo garin Nome na Alaska a 1925, tafiyar fiye da kilomita 1,000. Can, gashinsa mai ninki biyu rahama ne. A Kano kuwa, inda zafin Afrilu kan haye digiri 40, azaba ne.

Kare ba ya gumi irin na mutum, da haki yake sanyaya jiki. Don haka maigida ya kunna masa iyakwandishan, janareto na ruri, maigadi na bakin ƙofa sharkaf da zufa. In wuta ta ɗauke, dabba ta galabaita. Wannan wace irin wayewa ce?

Mafarautanmu da Buzayen Azawak sun san karen da ƙasar nan ta karɓa: siriri, mai gajeren gashi. Mu dai muna faɗa da babbar murya: wanda ya ɗaure dabba, haƙƙinta na wuyansa. A daina sayensu.