Ƙaramar eriya a saman rufi: An bar jaki ana dukan taiki

Duk wanda ya ɗaga kai a Kano ko Kaduna ko Zariya a 'yan shekarun nan zai ga saman gine-gine ya canja. Ban da tankin ruwa da farantin sola da tsohuwar eriyar talabijin, yanzu akwai ƙananan na'urorin intanet farare da aka ɗaure a kan dogon bututun ƙarfe. Makarantu da asibitoci da otel-otel da shagunan buga takardu duk sun kafa, har da gidajen da yara ke karatu ta intanet. Tun da Starlink ya fara aiki a Najeriya a watan Janairun 2023, farantinsa ma ya shiga sahu.

Wannan ci gaba ne, babu mai ja. Matsalar ita ce yadda ake kafa su. Sau da yawa aikin na rabin yini ne: matashi ɗaya, tsani ɗaya, bututu da waya da kusa, a biya shi ya tafi. Babu wanda ya tambaya ko na'urar tana da amincewar hukuma, ko bututun zai jure iskar damina, ko ina tsawa za ta bi idan ta sauka.

Idan ma an yi ƙorafi a unguwa, kusan kullum a kan abu ɗaya ne: wai eriyar tana fitar da wani tururi mai jawo cuta. A nan ne aka bar jaki ana dukan taiki.

Tsoron da ba ya kan hanya

Igiyar rediyon da waɗannan na'urori ke aiki da ita ba irin ta na'urar ɗaukar hoton ƙashi a asibiti ba ce. Ba ta da ƙarfin da zai lalata ƙwayoyin halittar jiki. Abin da aka tabbatar tana iya yi, idan ta yi yawa ƙwarai, shi ne ɗumama jiki, kuma a kan haka aka gina ƙa'idojin duniya na iyakar abin da ya dace ya taɓa mutum. Ƙaramar na'urar Wi-Fi ta gida ba ta kai ko wat 1 ba wajen watsawa, kuma ƙarfin yana raguwa da sauri: idan nisa ya ninka biyu, abin da ke isowa ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe da bayyana cewa babu gamsasshiyar hujjar kimiyya da ke nuna irin wannan raunanniyar igiya tana cutar da lafiya.

An ga irin wannan fargaba a 2020, lokacin da aka yi ta yaɗa cewa 5G ce ke kawo korona, alhali ba a ma fara sayar da ita a ƙasar nan ba. Ka'ida ɗaya ce tak ta shafi wannan ɓangare, kuma ta mai aiki ce: kada ya tsaya a gaban faranti yana watsawa, ya kashe shi kafin ya taɓa. Amma maƙwabcin da ke kwance a ɗakinsa, abin da ya kamata ya hana shi barci daban ne.

Wayar wuta, iska da tsawa

Haɗari na farko shi ne wayar lantarki. A unguwanni da yawa an yi gini har ƙarƙashin manyan wayoyi masu ɗauke da bolt 11,000 ko 33,000, duk da cewa ƙa'ida ta ce a bar musu fili na mita 11, wato mita 5 da rabi ta kowane gefe. Mutumin da ke tsaye a kan rufin kwano yana ɗaga bututun ƙarfe mai tsawon mita 6 ya riƙe ajalinsa a hannu idan irin wannan waya na kusa. Ba sai ƙarfen ya taɓa ta ba, wuta mai wannan ƙarfi tana iya tsallakowa idan an matso sosai. Kuma ba hujja ba ce a ce an ɗauke wuta tun safe, domin babu mai sanarwa kafin a dawo da ita. Shawarar da masana ke bayarwa mai sauƙi ce: nisan da ke tsakanin eriya da wayar wuta ya kai ninki biyu na tsawon bututun. Idan gidan bai ba da wannan fili ba, a nemi wani wurin.

Na biyu, iska. Galibi ana kafa eriya ne da rani, lokacin da sama take lafiya lau. Jarrabawar tana zuwa ne da hadarin farkon damina, wanda kowace shekara yake yaye rufin gidaje da makarantu a Arewa. Idan gudun iska ya ninka biyu, ƙarfin da take turawa yana ninka huɗu, faranti kuwa kama iska yake yi kamar faifai. Bututun da aka ɗaure da waya a jikin katakon rufi, ko aka kafe da kusa a bulon da bai ji siminti ba, ranar faɗuwarsa kawai ake jira. Inda zai faɗa kuma ba saman rufi ba ne kaɗai. Tsakar gida ce da yara ke wasa, ko layin da masu talla ke wucewa, ko kan wayar wutar da aka yi sakaci da ita tun farko.

Na uku, tsawa. Ƙarfen da ya fi komai tsawo a gida, kuma aka jawo kebul daga jikinsa har cikin ɗaki, hanya ce aka share. Ko tsawar ba ta faɗa kansa kai tsaye ba, wadda ta sauka a kusa tana iya turo wuta ta cikin kebul ta ƙona na'urar intanet da kwamfuta da inbata, wani lokaci ta tayar da gobara. Maganin sananne ne: sandar tagulla da aka kafa cikin ƙasa, a haɗa ta da bututun da waya mai kauri, gajera, marar lanƙwasa da yawa, a kuma haɗa da wayar ƙasa ta wutar gidan, sannan a sa na'urar tare wuta a inda kebul ya shiga gini. Wannan ba ya hana tsawa sauka, amma yana ba ta hanya zuwa ƙasa wadda ba ta bi ta ɗakin kwana ba. Shi ne kuma abin da aka fi cirewa daga lissafi idan mai gida ya fara neman ragi.

Sai kuma ran shi kansa mai aikin, wanda ke hawa bene hawa biyu da silifas, babu igiyar tsaro, babu mai riƙe masa tsani. Idan ya faɗo, za a ce ƙaddara ce. Gaskiya ne, amma sakaci ma yana da nasa kason, kuma wanda ya sa shi aikin yana da alhaki.

Bustar da ke kashe sabis ɗin maƙwabta

Akwai wata ɓarnar da ba a gani da ido. Inda sabis ya yi rauni, mutane kan sayi na'urar ƙara ƙarfin sabis, wadda ake kira busta, su kafa eriya ɗaya a waje ɗaya a ciki. Idan na'urar marar inganci ce, ko eriyoyin biyu sun yi kusa da juna, sai ta riƙa jin kanta tana ƙara wa kanta ƙarfi, kamar yadda lasifika ke ƙara idan an kai makirfo kusa da ita. Wannan hayaniyar tana komawa turken kamfanin sadarwa ta toshe masa kunne. Mai busta yana murna, mai POS a bakin layi yana ta ba kwastoma haƙuri, kiran mai neman mota zuwa asibiti da dare yana ta yankewa, kowa kuma yana zagin kamfani.

Shi ya sa Dokar Sadarwa ta 2003 ta wajabta cewa duk na'urar da za a haɗa da hanyar sadarwa sai Hukumar Sadarwa ta Najeriya, NCC, ta amince da samfurinta. A 2021 hukumar ta fito ta gargaɗi jama'a cewa sayarwa da kafawa da amfani da busta ba bisa ƙa'ida ba laifi ne, kamfanonin da ke da lasisi ne kaɗai aka yarda su kafa. Haka nan wanda ya mayar da intanet ɗin gidansa kasuwanci yana sayar wa unguwa, ya shiga hurumin da ke buƙatar lasisi. Doguwar hasumiya kuwa, musamman kusa da filin jirgin sama, sai da izinin Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama.

Hujjar masu kafawa

Masu wannan sana'a suna da abin faɗa. Za su ce kwastoma ne ke guje wa tsada, wanda ya lissafa kuɗin tagulla da igiyar tsaro sai ya rasa aikin, a ba wanda ya yi araha. Mai busta kuma zai ce da sabis yana shiga ɗakinsa da bai kashe kuɗinsa ba.

Duk biyun gaskiya ne, kuma suna nuna cewa gargaɗi a shafin jarida da Turanci ba zai wadatar ba. Matasan da ke wannan aiki suna neman halak ɗinsu ne, kuma yawancinsu a wajen maigida suka koya, shi ma a wajen wani. Abin da ya dace shi ne NCC da hukumar kula da lafiyar kayan lantarki, NEMSA, su fitar da taƙaitacciyar ƙa'ida cikin Hausa da sauran harsuna, a yaɗa ta a rediyo da kasuwannin kayan waya irin su Farm Centre a Kano. Kwalejojin fasaha su shirya gajeren horo mai rahusa da takardar shaidar da mai aiki zai iya nunawa. A tare na'urori marasa amincewa tun daga tashar shigowa, maimakon a jira su shiga gidaje. Kamfanonin sadarwa kuma su riƙa amsa ƙorafin raunin sabis da gaggawa, domin gibin da suka bari ne busta ke cikewa.

Kafin hukuma ta motsa, mai gida yana da ikon da ya fi na kowa, domin shi ke biya. Ya tambayi mai kafawa: ina wayar wuta mafi kusa, kuma idan bututun ya faɗi a ina zai sauka? Da me za a kafe shi? Ina sandar ƙasa? Na'urar tana cikin jerin waɗanda NCC ta amince da su? Ɗan haya ya nemi yardar mai gida, a kuma sanar da maƙwabcin da eriyar ta leƙa gidansa. Bayan kowace damina a sake duba notuna da tsatsa.

Mai aikin da ya amsa waɗannan tambayoyi ba tare da inda-inda ba ya cancanci ƙarin kuɗin da ya nema. Wanda ya ce "ai ƙaramar eriya ce" kuwa, gara a sallame shi tun bai jingina tsani ba.