Naƙasar da ba ta riƙe sanda

Ranar 31 ga watan Yuli ta kowace shekara ita ce ranar da ƙasar Nijar ta keɓe domin naƙasassu. A wannan rana akan ga makafi da jagororinsu, da guragu bisa kekunansu, da kurame suna zance da hannu, ana jawabai ana raba kyaututtuka. To amma akwai wani rukuni wanda da wuya a gan shi a filin taro, shi ne na masu ciwon taɓin hankali mai daɗewa. Ba su da sanda, ba su da keke, kuma danginsu sun fi son a bar zancen cikin gida.

Doka dai ba ta manta da su ba. Tun ranar 2 ga watan Maris na 1993 aka kafa dokar farko ta kare naƙasassu, mai lamba 93-012. Ranar 24 ga watan Yuni na 2008 Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya game da haƙƙin naƙasassu, wadda tun ayarta ta farko ta sanya rauni mai daɗewa na hankali jere ɗaya da raunin jiki, da na gani, da na ji. Daga baya doka mai lamba 2019-62 ta ranar 10 ga watan Disamba na 2019 ta zo ta ƙarfafa wannan matsayi. Ƙidayar jama'a ta 2012 kuwa ta sami naƙasassu 715.497, wato kashi 4,2 cikin ɗari na al'ummar ƙasa; ko da yake sanin kowa ne maigida ba ya gaggawar gaya wa baƙo mai alƙalami cewa akwai mai taɓin hankali a ɗakin baya.

Inda gizo ke saƙa shi ne wajen takarda. Duk wani haƙƙi da doka ta ba naƙasasshe, ko sauƙin kuɗin asibiti ne, ko fansho, ba ya samuwa sai da shaidar likita, shaidar kuma tana da wa'adi. Wanda ya rasa ƙafa, in ya koma sabunta takardarsa, kallo ɗaya ya isa. Mai taɓin hankali ba haka yake ba. Ciwonsa yana tashi yana kwantawa. Mutumin da aka kai Babban Asibitin Yamai a ɗaure, aka kwantar da shi a ɓangaren da ake kira Pavillon E, yana iya komawa bayan shekara biyu da riga wankakkiya, ya yi sallama, ya amsa kowace tambaya daidai wa daida. Wanda bai san cutar ba sai ya ce ai wannan ya warke. Alhali kuwa ƙwayar da yake sha kowane dare, ko allurar da ake yi masa wata-wata, ita ce ke riƙe da shi, kamar yadda dogari ke riƙe da bangon da damina ta ci gindinsa.

In aka yi hukunci bisa natsuwar rana ɗaya, to an hori mutum ke nan saboda ya bi maganar likita. An janye takarda, sauƙin magani ya tafi. Magani ya yanke, ciwo ya dawo. Ciwo ya dawo, iyali sun sake ɗaukar ɗawainiyar da suka sha a baya, a ƙarshe kuma gadon asibitin gwamnati ne zai karɓe shi. Ko ta fuskar tattalin kuɗin ƙasa aka dubi wannan lissafi, babu riba cikinsa.

Ma'aikacin da ke biyan kuɗi ga Asusun kula da ma'aikata na ƙasa, wato CNSS, yana da tasa matsalar. Fanshon naƙasa yana buƙatar a tabbatar mutum ya rasa kashi biyu cikin uku na ƙarfin neman abincinsa, ya yi shekara 5 da rajista, kuma an biya masa wata 6 cikin wata 12 na ƙarshe kafin naƙasar. Sharuɗɗa ne da aka auna da haɗarin da ke da rana da sa'a. Taɓin hankali kuwa a hankali yake shigowa. Mutum ya fara makara, ya fara faɗa da abokan aiki, a sallame shi ko shi da kansa ya daina zuwa. Dangi su yi shekara suna yawo da shi tsakanin malamai da masu maganin gargajiya, sai abin ya gagara a nufi asibiti. Kafin likita ya rubuta sunan cutar, watannin nan 12 sun daɗe da wucewa. Ya dace ranar da za a yi lissafi da ita ta zama ranar da likita ya shaida cewa ciwon ya soma, ba ranar da aka kawo maras lafiya ba.

Ga kuma nisa. Likitocin ƙwaƙwalwa kaɗan ne, yawancinsu a Yamai suke. Daga Damagaram zuwa babban birni kusan kilomita 900 ne, daga Diffa ya wuce 1.300. Maras lafiya ba ya tafiya shi kaɗai, saboda haka kuɗin mota biyu ne, da masauki, da abinci, da gonar da aka bari. Sau da yawa uwa ce tsohuwa ko mata ke wannan rakiya, wadda ba ta karanta Faransanci, a ce da ita ta dawo gobe da hoto, jibi da takardar haihuwa.

Babu mai cewa a daina bincike. Dukiyar jama'a amana ce, kuma akwai ciwon da ke warkewa sarai, mai shi ya koma bakin aikinsa, abin da kowa ke fata ke nan. Abin da ake nema shi ne a bambanta. Cutar da likita ya shaida cewa ta zama ta zaman rai, a ba ta wa'adi mai tsawo, kuma lokacin sabuntawa kundin asibiti ya yi magana, kada a sa maras lafiya ya sake kwance labarin ranakun da ya fi ƙin tunawa gaban wanda bai taɓa gani ba. A yarda da shaidar ma'aikacin lafiyar da ke bin sa a asibitin jiha. A bar tsohuwar takarda tana aiki har sabuwa ta fito. Wanda ya gwada komawa aiki kuma ciwon ya kayar da shi, a maido masa da matsayinsa ba tare da ya faro daga tushe ba.

Yawancin waɗannan gyare-gyare ba sa bukatar sabuwar doka. Umarni a rubuce daga ofisoshin ministocin da ke kula da lafiya da aiki ya isa ya soma su. Haɗaɗɗiyar ƙungiyar naƙasassu ta ƙasa, wato FNPH, ita ma tana da nata aikin: ta ba masu wannan ciwo da iyalansu kujera a teburin da ake tattauna takardar shaida, kafin wata ranar 31 ga watan Yuli ta zagayo.