Tsara Ƙagaggen Labari Kafin Rubutawa: Darasi Daga Kalandar Manoman Watari

Idan aka tambayi ɗalibin da ya ɗauki darasin rubutun zube a jami'a yadda ake tsara ƙagaggen labari, amsarsa ba ta wuce a fitar da jigo, a zaɓi taurari, a san mafari da tsakiya da ƙarshe, sannan a rarraba babi-babi. Amsar ba ta da laifi, domin daga kayan nazari aka ɗauko ta, kamar yadda littattafai irin su Jagoran Nazarin Ƙagaggun Labarai na Isa Mukhtar suka shimfiɗa su. Sai dai ma'aunin da manazarci ke auna littafin da aka kammala da shi ne aka miƙa wa wanda bai ɗora alƙalami ba. Akwai aikin da ya riga waɗannan duka, wanda ba a cika ambatonsa a aji ba. Aikin shi ne marubuci ya tsayar da wurin da labarinsa zai faru da shekarar da zai faru a cikinta, ya zana kalandar wannan wuri a takarda tun kafin ya raɗa wa babban tauraronsa suna. Rashin yin haka ne ya fi komai raunana labaran Hausa da ake ginawa a kan rayuwar karkara.

Duk mai bibiyar littattafan da aka yi wa laƙabi da Adabin Kasuwar Kano, da magadansu da ake saki a Wattpad da zaurukan WhatsApp, ya san ƙauyen da ake nufi. Sunansa "wani ƙauye". Ba a san ranar da kasuwarsa ke ci ba, ba a san damina ake ciki ko rani ba, mutanensa kuma ba su da wata sana'a da ta wuce talauci. Aikinsa kawai ya fitar da kyakkyawar yarinya da za a kai aikatau gidan attajiri a birni, daga nan an gama da shi. Akan yi wa marubutan uzuri da cewa 'yan birni ne, alhali tafiya daga Kano zuwa Bagwai ba ta wuce a je a dawo a wuni ɗaya ba.

A Ƙaramar Hukumar Bagwai, arewa maso yammacin birnin Kano, madatsar ruwa ta Watari take, wadda aka gina tsakanin 1977 da 1980. Yankin irin ƙasar noman nan ce mai cunkoson jama'a da Michael Mortimore ya yi nazari a kewayen Kano tun shekarun 1960, inda gonaki ƙanana ne, ba a barin gona ta huta, kuma kowane rabon gado sai ya ƙara tsaga ta. Manomin tudu a nan yana bin shekarar da kakanninsa suka bi. Yakan yi shuka da saukar damina wajen watan Yuni, ya girbe gero a Satumba, dawa ta biyo baya wajen Nuwamba, daga nan samari su kama hanyar cin rani. Wanda gonarsa ke kan hanyar ruwan madatsa kuwa shekararsa biyu ce a cikin ɗaya, domin lokacin da na tudu ke rataye fartanya shi yake dashen tumatir da albasa, ko shukar alkama da shigowar sanyi.

Wannan bambanci kaɗai ya isa ya sauya zubin labari. Saurayin da ya bar ƙauyen tudu zuwa birni a watan Disamba ba ya bukatar marubuci ya nemo masa dalili, kowa ya san rani ne ya kore shi. Amma saurayin da ya bar gonar ban-ruwa a wannan wata ya bar aiki da kuɗi a bayansa, ke nan akwai abin da ya faru, ko mahaifinsa ya jinginar da gonar, ko an hana shi gayauna a gandu, ko an ba wani yarinyar da yake nema. Marubucin da ya san ƙauyen da ya zaɓa ya samu rikicin labarinsa tun bai nema ba.

A kan kalandar gona akwai ta addini da al'ada, kuma ita ce ba ta yafe kuskure. Shekarar Musulunci tana gaza ta Miladiyya da kimanin kwana 11, don haka azumi yana zagaya yanayi. A 2016 a farkon Yuni aka ɗauki azumi, lokacin shuka, a 2024 kuwa a Maris aka ɗauka, cikin zafin bazara. Wanda bai tsayar da shekarar labarinsa ba zai iya sa a yi Sallah ƙarama da kaka a babi na uku, a yi babba da bazara a babi na biyar, alhali tazarar da ke tsakaninsu wata biyu ne da 'yan kwanaki. Haka idda da takaba da goyon ciki da wankan jego da yaye, kowanne yana da ƙidayarsa, kuma matan da su ne mafi yawan masu karanta waɗannan littattafai sun fi kowa sanin lissafin.

A ƙaddara wata marubuciya tana son ba da labarin matar da mijinta, manomin rani a Watari, ya rasu a farkon Nuwamba, bayan ya ci bashin taki da iri ya dasa tumatir. Idan ta zauna da takarda kafin ta fara, ga abin da lissafi zai nuna mata. Takaba wata 4 da kwana 10 ce, ke nan sai wajen tsakiyar Maris matar za ta fita. Tsintar tumatir kuwa daga Janairu take kankama, kuma a lokacin ne kowa ke tsinta, kwanduna su cika kasuwa, farashi ya faɗi. Ma'ana, kuɗin gonar kaf za su shigo su kuma fita ta hannun wani, wataƙila ƙanin marigayin, tun matar tana zaune a ɗaki. Ranar da za ta yi wankan fita takaba, ba sauran abin da za a nuna mata sai kara da lissafin baki. Idan tana da kishiya, tumunin takaba ɗaya za su raba. Idan kuma marubuciyar ta sa mata ciki, komai ya sake fasali, domin takabarta ba ta ƙarewa sai ta haihu, kuma a mazhabar Malikiyya akan dakatar da rabon gado har a ga abin da aka haifa. Sai ga shi jinsin jaririn da ba a haifa ba ya zama abin da gida duka ke jira. Da za ta zaɓi 2016, shekarar da tsutsar tumatir ta yi ɓarna a Kano da Kaduna, sai ta duba ko ɓarnar ta riski wannan gona ko an riga an tsince. Ba a kawo boka ko hatsarin mota ko attajiri daga sama ba, amma babi goma sun samu abin da zai riƙe su.

Masu ja da wannan ra'ayi suna da hujja mai nauyi. Sukan ce asalin labarin Bahaushe tatsuniya ce, ita kuwa ba ta da gari ba ta da shekara, kuma ba a taɓa ganin tsohuwa ta zana jadawali kafin ta fara ba. Sukan ƙara da cewa tsari mai yawa yana kashe ran labari, ya mai da taurari kamar 'yan dara. Amma tsohuwar ba da ka take yi ba, tsari ta gada. Ta san halin Gizo da na Ƙoƙi kafin ta buɗe baki, masu sauraronta ma sun sani, kuma an daɗe da yanke inda labarin zai tsaya. Marubucin ƙagaggen labari ba shi da wannan gado, dole shi zai gina abin da tsohuwa ta tarar a gine. Batun kashe rai kuwa, kalanda ba ta gaya wa matar nan abin da za ta ce wa ƙanin mijinta. Iyakarta ta nuna ranar da maganar ta zama dole.

Ko littattafan farko da ake kafa hujja da su wajen sakin zaren labari ba su tashi babu shiri ba. Ruwan Bagaja, wanda ya fito daga gasar da Rupert East ya shirya a Hukumar Fassara ta Zariya a 1933, labari ne na yawo daga gari zuwa gari, amma an ɗaure ƙarshensa tun a farkonsa da alkawarin da Alhaji Imam ya ɗauka na nemo ruwan, an kuma tanadi Malam Zurƙe ya riƙa ɓullowa yana haɗa zango da zango. A Magana Jari Ce ta ɗaya, Abubakar Imam ya ma kafa wa labarin agogo. Sarki ya tafi yaƙi, waziri na neman hanyar da Musa zai fita daga gida, aku kuma dole ya cinye kowane dare da labari har gari ya waye. Hikayoyin da ke ciki daga wurare da dama aka tattaro su, amma ƙidayar dararen nan ce ta mai da su littafi. Bambancin kawai shi ne Imam ya ƙirƙiri agogonsa, marubucin Watari kuwa zai tarar da nasa yana tafiya.

Gaskiya ne kasuwa ba ta taimaka ba. A shekarun 1990 marubuci yakan buga kashi na ɗaya, ya jira cinikinsa ya biya kuɗin buga na biyu, don haka tsawon labari ya koma hannun aljihu. A yau marubuciyar intanet tana sakin shafi kullum, masu karatu na matsa mata ta kashe wannan ta aurar da wancan. Sai dai wannan hali shi ya fi bukatar shiri, tunda shafin da aka saki ba ya gyaruwa, kuma wadda ta aurar da bazawara kafin iddarta ta cika a shafi na 40 ba ta da hanyar komawa ta ƙara mata wata guda. Gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016 ta nuna ɗaya gefen, domin ƙayyade yawan kalmomi ya tilasta wa marubuta sanin inda za su tsaya kafin su tashi.

Sassan Hausa na jami'o'i suna da abin yi a nan. Malamin da ke koyar da ƙirƙirar rubutu yana iya ƙin karɓar babi na ɗaya har sai ɗalibi ya kawo shafi guda mai ɗauke da sunan gari, da shekara, da watannin noma da na Musulunci a jere, da bishiyar zuriyar gidan da labarin zai gudana a ciki. Ga manazarta kuma akwai gonar da ba a cika shiga ba. Kundayen digiri sun yi ta nanata jigo da salon littattafan Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino da tsararrakinsu, amma nazarin daftari da takardun shirin da aka yi kafin bugu ya yi ƙaranci ƙwarai. Da yawa daga marubutan wannan zamani suna raye, ana iya zama da su a tambaye su abin da suka fara rubutawa kafin shafin farko, a kuma nemi izinin ɗaukar hoton littattafan da suka yi zayyana a ciki, tun gara da damina ba su riga ɗakin karatu ba.