Tun Ran Gini Tun Ran Zane

A wannan mako za mu leƙa rumfar masu sana'a, saboda wani kuka da aka kawo mini, wanda na tabbata ba na mutum ɗaya ba ne.

Wani baduku ne, abokina tun na ƙuruciya, mai 'yar ƙaramar masana'antar takalma. Ya yi watanni yana gwada wani sabon fasali, yau ya yanka, gobe ya warware, har Allah ya ba shi sa'a ya fito da abin da ido bai saba gani ba. Ya kai kasuwa ana gab da Salla, aka yi ta rububi. Kafin wata Sallar ta kewayo, sai ga takalman roba dila-dila, fasalin nasa sak, ana sayar da su a kan kuɗin da ko fatar da ya ke aiki da ita ba za su saya ba. Ya zo mini rai a ɓace, yana tambayar inda zai kai ƙara. Da na ji yadda abin ya gudana, sai na ce masa, "Malam, ai ka makara." Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi ke nan.

Ba don babu doka ba ne na faɗi haka. Tun a shekarar 1970 gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa doka mai lamba 60 a kan sababbin ƙirƙire-ƙirƙire da fasalin kayayyaki, ta fara aiki cikin 1971, kuma har gobe da ita a ke shari'a. Abin da ta ke karewa a nan shi ne kamannin kaya: tsarin layuka da launuka, kamar na atamfa, ko siffar jikin abu, kamar ta takalmi ko buta ko kujera, muddin an yi shi ne domin a riƙa buga irinsa da yawa a masana'anta. Yadda abu ya ke aiki kuwa, wannan babinsa dabam ne.

To, ga inda gizo ya ke saƙa. Marubuci da mawaƙi, da zarar aikinsu ya tabbata a takarda ko a faifai, doka ta ba su haƙƙinsu ba tare da sun yi rajista ba. Mai fasalin kaya kuwa sai ya yi rajista, kuma sharaɗin farko shi ne fasalin ya zama sabo ranar da aka shigar da takardar nema. Idan jama'a sun riga sun gan shi, ko a kasuwa, ko a hoto, ko a jarida, to, sabuntarsa ta tafi, ko da kuwa mai shi ne da kansa ya baje shi. Watau ranar da abokina ya ɗora takalminsa a kan tebur yana murnar ciniki, ran nan ya rufe wa kansa ƙofa. Rangwamen da doka ta yi kaɗan ne: wanda ya nuna kayansa a bajekolin da hukuma ta amince da shi, yana da wata shida ya je ya yi rajista.

Ofishin rajistar yana Abuja, ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu da Ciniki da Zuba Jari ta Tarayya. Mai nema zai kai samfur ko hoto, ya faɗi irin kayan da za a yi da fasalin, ya biya kuɗin da aka ƙayyade. Takarda ɗaya tana iya ɗaukar fasali har 50, in dai kayan iri ɗaya ne, kuma wanda bai shirya fita kasuwa ba yana iya neman a ajiye nasa a rufe har wata 12. Rajista tana yin shekara 5, ana sabunta ta sau biyu, jimla shekara 15. Bayan nan fasalin ya zama na kowa. A cikin wannan wa'adi, duk wanda ya kwaikwaya, ko ya shigo da na kwaikwayo, ko ya sayar, ana iya gurfanar da shi gaban Babbar Kotun Tarayya.

Akwai abubuwa uku da ya kamata a kiyaye. Na farko, doka tana bai wa wanda ya riga shigar da takarda ne, saboda haka jinkiri asara ne. Na biyu, in ma'aikaci ya yi fasali a bakin aikinsa, ko an ba mutum aikin an biya shi, haƙƙin na mai gidan ne, sai fa in sun yi wata yarjejeniya dabam. Na uku, magatakardan rajista ba ya binciken ko fasali sabo ne. Kotu ce ke da ikon soke takardar wanda ya yi rajistar abin da ba sabo ba. Don haka ba wanda zai wayi gari ya ce aska takwas ko dagi nasa ne shi kaɗai. Waɗannan gadon kowa ne. Abin da mutum ya ƙago da basirarsa shi ne nasa.

'Yan kasuwarmu masu ƙetare iyaka su lura, takardar Abuja iyakarta Nijeriya. Mai kai kaya Maraɗi ko Damagaram sai ya nemi rajistar ƙungiyar OAPI mai hedkwata a Yawunde, wadda Nijar da Kamaru da Chadi ke ciki, amma ban da Nijeriya.

Kamfanin Vlisco na ƙasar Holan, wanda matanmu suka daɗe suna ɗaura atamfarsa, yana buga lambar kowane zane a bakin turmi, domin ya san zanen ne jarinsa. Me zai hana ƙungiyoyin dukawa da masaƙa da maƙera su haɗa kuɗi su ɗauki lauya ɗaya da zai riƙa shigar wa 'ya'yansu takardu? Ma'aikatar kuma ya kamata ta bayyana wannan doka da Hausa a gidajen rediyo, gama dokar da mai sana'a bai san da ita ba, ba ta tsare masa kome.

Abokina dai ya koma kan wuƙarsa, yana gwada wani sabon fasali. Wannan karo ya ce ko maƙwabcinsa ba zai gani ba sai takarda ta shiga. Allah ya ba mai rabo sa'a. Sai mako mai zuwa, in muna da rai.