Ka Daina Ɗora wa Masu Waya Nauyin jQuery a Kan Ƙaramin Aiki

Duk sanda ka taɓa 'yan layukan nan uku da ke saman shafin intanet, jerin zaɓi ya buɗe, abin da ya faru a bayan fage ba wani babba ba ne. JavaScript ne ya nemo wani sashe da ke cikin wani sashen, ya sauya masa ajin ado, wato sunan da CSS ke dubawa kafin ya ba shi launi, ya ɓoye shi ko ya bayyana shi.

Amma har yau matasa da yawa masu koyon gina shafuka ba sa yin wannan ɗan aiki sai sun jawo jQuery, don haka suka gani a tsofaffin darussan YouTube. A ganina lokaci ya yi da za mu bar wannan ɗabi'a.

John Resig ya fito da jQuery a 2006, zamanin da kowace burauza ke da nata halin, musamman Internet Explorer. A lokacin ta yi rana. Yanzu kuwa Microsoft ta yi wa Internet Explorer ritaya tun Yunin 2022, kuma Chrome da Firefox da Safari duk sun iya aikin da kansu.

Ɗauki shafin saye da sayarwa, inda kowane kaya ke cikin katinsa, a cikin katin kuma akwai farashi da maɓalli. Idan ka rubuta document.querySelector('.kati .farashi'), za ka samu farashin farko da ke cikin kati, komai zurfin inda yake. Idan duka kake so, sai querySelectorAll. Daga nan classList.add zai ƙara aji, remove ya cire, toggle ya riƙa kunnawa da kashewa. In kuma daga maɓalli kake son hawa zuwa katin da ya ƙunshe shi, closest('.kati') ya ishe ka. Ya fi jera parentNode sau biyu ko uku, wanda ke lalacewa da zarar an ƙara sashe ɗaya a tsakani.

Mai ziyarar shafinka ne ke biyan kuɗin wannan nauyi. Fayil ɗin jQuery 3 ya haura KB 80, kusan 30 idan an matse shi. Mai ƙaramar waya da ke lallaɓa datarsa sai ya sauke shi, wayar ta karanta, sannan maɓallin ya fara aiki. Ba banza ba GitHub ta cire jQuery daga shafinta a 2018, Bootstrap 5 ma ya fito babu ita a 2021.

Wani zai ce ai jQuery na nan a miliyoyin shafuka, WordPress ma da ita yake zuwa. Gaskiya ne, shi ya sa ya kamata ka iya karanta ta, kuma kada ka tuge ta daga tsohon shafin da ke aiki lafiya. Amma idan sabon shafi za ka gina, fara da abin da burauza ta riga ta iya.